Babi na Bakwai: Turancin Kamfani Ranar da Ta Ɓaci

Da yammacin Lahadi, 9 ga Afrilun 2017, jirgin United Airlines mai lamba 3411 yana tsaye a filin jirgin saman O'Hare da ke Shikago. Fasinjoji sun gama shiga, kowa ya zauna, ana jiran tashi zuwa Louisville. Sai aka yi sanarwa cewa ma'aikatan jirgi huɗu na bukatar kujeru, domin washegari akwai aikin da ke jiransu a can. Aka yi tayin dala 800 na takardar tikiti da kwanan otal ga duk wanda ya yarda ya sauka. Ba wanda ya motsa. Kamfani ya zaɓi mutum huɗu da kansa. Uku suka sauka. Na huɗun, wani likita ɗan shekara 69, ya ce shi kam ba inda za shi, yana da marasa lafiya da zai duba da safe.

Aka kira jami'an tsaron filin jirgi. Suka fizgo shi daga kujera, fuskarsa ta daki hannun kujerar, suka kama hannuwansa suna jan sa a ƙasa ta tsakiyar jirgi, riga ta tattare, tabarau ya zame, jini na fita daga bakinsa. Hancinsa ya karye, haƙoransa biyu na gaba suka fita. Fasinjoji na ta salati irin nasu suna ɗauka da wayoyi, kafin gari ya waye bidiyon ya gama duniya.

Ranar Litinin shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar da sanarwa. Ya ce yana ba da haƙuri a kan cewa dole ta sa aka yi wa waɗannan fasinjoji "re-accommodate". A bakin ma'aikatan jiragen sama wannan kalma ta yau da kullum ce, ita ake faɗa idan jirgin mutum ya samu matsala aka nema masa kujera a wani jirgin. Amma mutane sun riga sun ga dattijo ana jan sa a ƙasa, sai ga shugaban kamfani yana magana kamar an sauya wa baƙo ɗaki ne. A wannan ranar kuma wasiƙar da ya aika wa ma'aikatansa ta fito fili, inda ya siffanta fasinjan da mai tayar da zaune tsaye da neman rigima. Wuta ta ƙara ruruwa. Sai ranar Talata, bayan hannun jarin kamfanin ya fara girgiza, Munoz ya kira abin da sunansa: ya ce mummunan abu ne, bai kamata a yi wa kowane ɗan Adam haka ba, kuma kamfani ya ɗauki alhakin. Kafin watan ya ƙare sun sasanta da likitan a wajen kotu, sun kuma ɗaga abin da za su iya biyan wanda ya bar kujerarsa da son ransa har zuwa dala 10,000.

Munoz ba bagidaje ba ne. Wata guda kafin wannan rana mujallar PRWeek ta karrama shi a matsayin gwanin sadarwa na shekara. Turancinsa bai gaza ba. Abin da ya faru shi ne ya miƙa hannu ya ɗauko kalmar da ta fi kare kamfani, a ranar da jama'a ke jiran kalmar da za ta nuna an ga mutumin da aka zalunta.

Duk wanda ke hulɗa da banki, ko kamfanin inshora, ko ejan na jiragen ruwa, ko masana'antar da yake sarin kayanta, ko a Kano yake ko a Kaduna ko a Kumasi, wata rana irin wannan takarda za ta iso hannunsa, kuma da Turanci za ta zo. Turancin wannan rana ba irin na kullum ba ne. Ofis biyu ne ke haɗuwa su rubuta shi, na lauyoyi da na jami'an hulɗa da jama'a, kowa na jan alƙalami zuwa nasa ɓangaren. Shi ya sa kalmominsa suka rabu gida biyu. Akwai masu lulluɓi, waɗanda aikinsu su rage wa abu girma a kunnen mai sauraro, ba sa ɗora wa kowa nauyin komai. Akwai kuma masu ɗauri, waɗanda da zarar an rubuta su doka ta shigo, kuɗi ya fara tashi daga wani aljihu zuwa wani. Na farkon su suka fi amo a jaridu. Na biyun su ke cin dukiya.

Abu na farko da ake koya wa kakakin kamfani shi ne "holding statement", 'yar gajeriyar sanarwar da ake fitarwa cikin sa'o'in farko, tun ba a gano musabbabin abin ba. Idan da gaskiya aka rubuta ta, za a tarar da abin da aka tabbatar, da matakin da ake ɗauka a yanzu, da lambar da iyalai za su kira, da lokacin da za a sake fitowa a yi bayani. An koyi darajarta ne daga waɗanda suka yi gum. Ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya daki dutse a gaɓar Alaska, ya malalar da kimanin galan miliyan 11 na ɗanyen mai. Shugaban Exxon na lokacin, Lawrence Rawl, ya kwashe kusan mako guda bai fito ya yi wa jama'a magana ba, alhali talabijin na nuna tsuntsaye cikin baƙin mai dare da rana. Har yau ana karantar da shirun nan nasa a azuzuwan kasuwanci, kuma masu horar da kakaki na gargaɗi a kan "no comment", domin mai sauraro yana ɗaukar ta tamkar amsa laifi.

To amma da aka hana kamfanoni yin shiru, da yawansu sai suka ƙware wajen yin magana ba tare da sun faɗi komai ba. Nan ne masu lulluɓi ke aiki. "Incident" tana ɗaukar komai, daga zubewar shayi a ofis har faɗuwar jirgi, don haka ba ta gaya wa mutum girman abin. "Issue" ta maye gurbin kalmar matsala a takardun kamfanoni saboda ba ta da zafi. Sai kuma jimlar da ba ta da mai aikatawa, irin "mistakes were made", wadda Hausa ma ta san irinta sarai: an yi kuskure, an samu akasi. Wa ya yi? Jimlar ba za ta faɗa ba, don haka aka gina ta.

Volkswagen ta Jamus ta yi wannan aiki fiye da kowa. Ranar 18 ga Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya dasa manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi ta rage shi, idan mota ta hau titi kuma ta saki hayaƙi mai guba da ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A takardun kamfanin sunan wannan abu "irregularities", 'yan kura-kurai ke nan, daga baya kuma "diesel issue". Hukuma ta kira shi "defeat device", sunan da dokar Amurka ta ba duk na'urar da aka yi don a yaudari gwaji. A Maris 2017 kamfanin ya tsaya gaban kotu a Detroit ya amsa laifin haɗa baki don yin zamba, cikin yarjejeniyar tarar dala biliyan 4.3. Kalmar hukuma ce ta tsaya a kundin shari'a.

Wurin da lauya da jami'in hulɗa da jama'a suka fi kai ruwa rana shi ne ban haƙuri. "We regret" na nufin abin bai yi mana daɗi ba. "We apologise" na nufin mu muka yi, a gafarce mu. Maƙwabcin da ya zo jajen gobara da wanda yaronsa ya bar murhu a kunne, dukansu "sannu" za su ce, amma ɗaya ne ake jira ya ƙara da "laifinmu ne". Akwai ma ta uku, wadda ake saƙala wa "if": muna ba da haƙuri idan ran wani ya ɓaci. Wannan ta mayar da nauyin kan wanda aka cuta, kamar dai shi ne ya cika saurin fushi. Mai karanta irin wannan wasiƙa ya fara neman "if" ɗin nan tun kafin ya karanta sauran.

Tsoron lauyoyi yana da tushe, domin kalmar ban haƙuri na iya zama hujja a kotu. Saboda haka wasu wurare suka yi doka musamman don a sakar wa mutane baki. Jihar Massachusetts ta Amurka ta fara a 1986. Dokar diyya ta 2006 a Ingila ta ce ban haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Lardin British Columbia na Kanada ya yi tasa a wannan shekarar, Hong Kong ta biyo baya a 2017.

Akwai kuma waɗanda ba su jira doka ba. A Agustan 2008 ƙwayar cutar listeriya ta shiga naman leda na kamfanin Maple Leaf Foods daga masana'antarsa ta Toronto, mutum fiye da 20 suka rasu. Shugaban kamfanin, Michael McCain, ya rufe masana'antar, ya janye duk kayan da ta fitar, sama da iri 200, ya fito a talabijin ya ce ƙoƙarinsu ya gaza kuma suna neman gafara. Ya gaya wa 'yan jarida cewa a cikin wannan masifa masu ba da shawara iri biyu ne bai saurara ba, lauyoyi da akantoci. Lardin Ontario, inda masana'antar take, bai yi dokar kare ban haƙuri ba sai a 2009. Wato McCain ya faɗi maganar ne ba tare da wata garkuwa ba. Kamfanin ya biya diyya, ya yi asara mai yawa, ya kuma ci gaba da rayuwa.

Babu inda gidajen kalmomin nan biyu suka haɗu a fili kamar a masifar kamfanin mai na BP. Daren 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar ta yi kwana 87 tana aman ɗanyen mai a ƙarƙashin ruwa. Da farko an ce ganga 1,000 ke fita a rana, aka koma 5,000, daga ƙarshe masanan gwamnati suka ƙiyasta sama da 50,000. Shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya gaya wa jaridar Guardian cewa tekun babba ne ƙwarai, man da ya zuba kaɗan ne idan aka gwada da yawan ruwan. A ƙarshen Mayu ya tsaya gaban 'yan jarida a Louisiana, ya fara da ban haƙuri yadda ya kamata, sai ya ƙarasa da cewa ba wanda ya fi shi son abin ya wuce, "I'd like my life back", yana so rayuwarsa ta dawo masa. Akwai gidaje 11 da rayuwar mazajensu da 'ya'yansu ba za ta dawo ba, akwai dubban masunta da aka rufe wa ruwa. Ya nemi gafarar iyalan bayan 'yan kwanaki, amma magana zarar bunu ce. Kafin ƙarshen Yuli an sanar da cewa Bob Dudley zai gaje shi.

Abin da ya samu shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Carl-Henric Svanberg, ya fi shafar duk wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Ranar 16 ga Yuni ya fito daga ganawa da Shugaba Barack Obama a Fadar White House, inda BP ta amince ta ware dala biliyan 20 don biyan diyya. Labari ne mai kyau, irin wanda kamfanin ke matuƙar bukata. Svanberg mutumin Suwidin ne. Yana son ya ce sun damu da talakawa, masu ƙaramin ƙarfi, sai ya ce sun damu da "the small people". A kunnen Ba'amurke wannan raini ne, maganar mai kallon mutane daga saman bene. Kafin dare ya yi ya nemi afuwa, ya ce ya yi maganar ba dabara, amma kanun labaran ranar sun riga sun bar biliyan 20 sun koma kan kalmomi biyu. Ba wata mugun nufi a zuciyarsa da aka nuna. Ya ɗauko tunani daga harshensa ya zuba shi a Turanci kai tsaye, a gaban kyamara, a ranar da ba a yafe tuntuɓen harshe. Wanda zai yi magana da yawun kamfani da harshen aro, wajibi ne wani ɗan harshen ya ji jimlolinsa tukuna.

Duk wannan hayaniya ta jaridu ce. Kalmar da ta fi tsada a shari'ar BP ba ta shiga kanun labarai sosai ba. A lokacin, dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta tanadi tarar da ba ta wuce dala 1,100 ba a kan kowace ganga idan malalar ta faru, ko da akwai "negligence", sakaci na yau da kullum. Idan kuwa kotu ta ce "gross negligence" ne, ganganci ke nan, sakacin da ya wuce hankali, tarar a lokacin na iya kaiwa dala 4,300. Ranar 4 ga Satumban 2014 alƙali Carl Barbier na kotun tarayya a New Orleans ya yanke cewa ganganci ne, ya ɗora wa BP kashi 67 cikin ɗari na laifin, abokan aikinta Transocean kashi 30 da Halliburton kashi 3. Daga baya ya tsayar da yawan man a kan ganga miliyan 3.19. Mai lissafi ya buga ya gani: ba tare da "gross" ba, iyakar tarar kusan dala biliyan 3.5 ce. Da ita, biliyan 13.7. Haruffa biyar, bambancin dala biliyan 10. A 2015 BP ta gwammace sulhu, wanda kotu ta amince da shi a 2016 a kan dala biliyan 20.8 gaba ɗaya, ciki har da biliyan 5.5 na wannan tara.

Cikin masu ɗauri, wadda ta fi kusa da rai ita ce "recall", kiran kaya su dawo daga kasuwa. Labarinta na zamani ya fara ne a ƙarshen Satumban 1982, a unguwannin gefen Shikago. Wata yarinya 'yar shekara 12 ta sha ƙwayar Tylenol saboda mura, ta faɗi ta mutu. A wani gida wani magidanci ya sha ya mutu, ƙaninsa da matar ƙanin suka zo zaman makoki, kansu ya yi ciwo, suka ɗauki kwalbar nan suka sha, su ma suka bi shi. Mutum bakwai aka rasa cikin 'yan kwanaki. Wani ne ya buɗe ƙwayoyin ya zuba gubar sayanayid ya mayar da kwalaben kan kantar shaguna. 'Yan sanda suka riƙa zagaya unguwanni da lasifika suna cewa kada kowa ya sha. Har yau ba a hukunta kowa da laifin kisan ba.

Laifin ba na masana'anta ba ne, kuma mace-macen duk a yanki ɗaya suke. Kamfanin Johnson & Johnson mai Tylenol yana da hanyar da zai ce abin na Shikago ne kawai. Shugabansa James Burke ya zaɓi ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga faɗin Amurka, na sama da dala miliyan 100, ya dakatar da talla, ya gaya wa jama'a kada su sha. Kason Tylenol a kasuwa ya faɗo daga kusan kashi 35 cikin ɗari zuwa ƙasa da 10. A Nuwamba maganin ya dawo da hatimi uku, kwali a manne, roba a wuyan kwalba, da takardar ƙarfe a bakinta, kuma cikin shekara guda ya koma kusa da inda yake. Wannan takardar da kowa ke hudawa a bakin kwalbar magani yau, daga can ta yaɗu.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana bambanta "recall" da "market withdrawal". Ta farko ta shafi kayan da suka saɓa doka, kuma tana da matakai uku, na ɗaya shi ne wanda zai iya kisa ko illa mai tsanani. Ta biyu janyewa ce kan ƙaramin aibi ko ma babu saɓa doka. Tunda ta farko tana jawo sanarwa da sa idon hukuma, kamfanoni na gudun ta. Abin takaici, wanda ya fi fitowa fili wajen gudun nan shi ne Johnson & Johnson ɗin dai. A ƙarshen 2008 aka gano wasu ƙwayoyin Motrin na kamfanin ba sa narkewa yadda ya kamata. Maimakon a yi shela, a 2009 aka ɗauki 'yan kwangila su bi ƙananan shaguna kamar masu sayayya, su saye duk abin da suka tarar, tare da umarni a rubuce cewa kada su ambaci kalmar "recall" ko kaɗan. Takardar umarnin ta kai gaban majalisar dokokin Amurka a 2010, shugaban kamfanin na lokacin, William Weldon, ya amsa cewa kuskure ne. Shekara 27 ke tsakanin Burke da wannan takarda. Sunan kirki da aka saya da dala miliyan 100 bai hana na baya ɓoye kalma ɗaya ba.

A Nijeriya wannan kalma tana da nauyi na daban, kuma an biya kuɗin saninsa da rayukan yara. A ƙarshen 2008 asibitoci a Zariya da Legas da Ibadan suka fara ganin ƙananan yara da ƙodarsu ta tsaya, fitsari ya ɗauke. Aka bi sawu aka kai ga My Pikin, maganin haƙoran yara na kamfanin Barewa Pharmaceuticals da ke Legas, wanda aka haɗa da sinadarin dayetilin gilaikol, irin wanda ake sawa a ruwan birki da na sanyaya inji. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe masana'antar a Nuwamba, ta ba da umarnin janye maganin. Duk da haka adadin da hukuma ke sanarwa ya ci gaba da hawa, har ya kai yara 84 a Fabrairun 2009. A 2013 babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

A Amurka idan aka ce "recall", akwai rajistar da ke nuna lambar kowane rukunin kaya da shagon da ya tafi. A inda magani ke bi ta hannun babban dila zuwa ƙaramin dila, zuwa kemis na lungu, zuwa mai talla a tasha, takardar Turanci da aka buga a jarida ba ta cire kwalba ko ɗaya daga kan tagar ɗakin uwa. Sai an juya ta ta zama magana a rediyo, a masallaci, a asibitin awo: ga sunan maganin, ga kalar kwalinsa, kada a ba yaro, a kawo shi. Kamfanin da ya tsaya a kan sanarwar Turanci ya cika sharaɗin takarda ne kawai, aikin yana nan ba a yi ba.

Ga ɗan kasuwa mai shigo da kaya, kalmar da zai fi cin karo da ita ita ce "force majeure". Daga dokar Faransa Turanci ya aro ta, tana nufin abin da ya fi ƙarfin mutum, yaƙi ko ambaliya ko annoba, wanda ya hana shi cika alkawarin kwangila ba da laifinsa ba. Masu bin labaran man Nijeriya sun saba jin ta. Shell ta ayyana ta a kan ɗanyen man Forcados a Fabrairun 2016 bayan an fasa bututun ƙarƙashin ruwa, kamfanin gas na NLNG ya ayyana ta a Oktoban 2022 saboda ambaliya. A farkon annobar korona a 2020, hukumar bunƙasa cinikayya ta ƙasar Sin ta raba wa masana'antu dubban takardun shaidar "force majeure" don su nuna wa abokan cinikinsu na waje.

Mutane da yawa na ɗaukar ta kamar "ƙaddara ce", a ce Allah ya mayar da alheri a tashi. A dokar Ingila, wadda kwangilolin cinikin duniya da yawa ke bi, ba haka take ba. Sai an rubuta ta a cikin kwangilar, kuma alƙali zai duba ainihin abin da aka lissafa a ciki. Tsadar aiki ita kaɗai ba uzuri ba ce. Shari'ar da ɗaliban lauya ke haddacewa a kan wannan ta gyaɗa ce. A Oktoban 1956 kamfanin Tsakiroglou ya yi alkawarin kai tan 300 na gyaɗar Sudan daga Port Sudan zuwa Hamburg. Kafin a yi lodi, yaƙi ya rufe mashigin Suwez. Hanyar da ta rage ita ce zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar da ta ninka fiye da sau biyu, kuɗin dako ma ya ninka. Mai sayarwa ya ce kwangila ta rushe. A 1961 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, Majalisar Dattawa, ta ce ba ta rushe ba: hanya ta yi tsawo, ta yi tsada, amma ba a hana lodi ba, gyaɗa kuma ba za ta lalace a tafiyar ba. Aka ɗora masa diyya. Don haka wanda aka aiko wa takardar "force majeure" yana da haƙƙin ya buɗe kwangila ya duba ko abin da ya faru yana cikin jerin, ko ya hana aikin ne ɗungurungum ko wahalar da shi kawai ya yi, da ko an sanar da shi cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Mashigin Suwez ɗin ne ya sake fito da wata tsohuwar kalma a 2021. Ranar 23 ga Maris jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ɗauke da kwantena kusan 18,000, ya gitta a mashigin ya toshe shi kwana shida, jirage sama da 400 suka yi layi. Bayan an ciro shi, hukumomin Masar suka riƙe shi suna neman diyyar sama da dala miliyan 900. Mai jirgin, kamfanin Shoei Kisen Kaisha na Japan, ya ayyana "general average". Wanda ya koyi "average" a ajin lissafi zai zaci matsakaici ake nufi. A harshen teku asara ake nufi, kuma ƙa'idar ta girmi Turancin kansa, tun zamanin masu jiragen tsibirin Rhodes: idan aka yi hasara ko aka kashe kuɗi don a ceci jirgi da abin da ke cikinsa, duk mai kaya a jirgin zai ɗauki rabonsa gwargwadon darajar kayansa, ko da ko ƙwarzane bai samu kwantenarsa ba.

Masar ta saki jirgin ranar 7 ga Yuli bayan an yi sulhu, ya isa Rotterdam a ƙarshen watan, kusan wata huɗu bayan lokacin da aka sa ran zuwansa. A irin wannan hali ba a sakin kwantena sai an ba da lamuni. Mai inshorar kaya, kamfanin inshorarsa ne ke sa hannu a takardar lamunin a ba shi kayansa. Wanda ya yi tsimin kuɗin inshora sai ya ajiye tsabar kuɗi daga aljihunsa kafin a buɗe masa ƙofa, sannan ya jira masu lissafin rabon asara su gama aikinsu, wanda a manyan jirage kan ɗauki shekaru.